Yadda Ake Zaɓen Madadin Aisi a Gyaran Allunan Tsofaffin Injinan Wasa

Allon lantarkin da ke cikin injin Pac-Man, wasan da kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980 kuma Midway ya riƙa ƙera shi a Amurka, ya haura shekara 40 a duniya, haka ma allunan Defender da Galaga da Centipede da sauran injinan wasan bidiyon da sai an jefa musu sulalla suke tashi. Kowannensu faffaɗan faranti ne da aka jera wa aisi (IC, wato ƙananan kayan lantarkin da ke yin aikin allon) gommai, wani ma fiye da ɗari, kowane aisi da 'yan ƙafafunsa a layi biyu. Ranar da guda ɗaya ya gaza, sai hoto ya tarwatse, ko launi ya sauya, ko injin ya ƙi tashi gaba ɗaya. Cire mataccen aisi aikin hannu ne da ake ƙwarewa a kai da yawan yi. Wahalar tana wajen sanin abin da za a sa a gurbinsa, domin an daina ƙera da yawa daga cikinsu, wasu kamfanonin da suka yi su sun rufe ko an haɗiye su, kuma abin da ake samu a kasuwa yau mai lamba kusan iri ɗaya ba lallai ne ya yi hali iri ɗaya ba. Injiniyan da ya zana allon ya gina lissafinsa ne a kan halin aisin da ke hannunsa a lokacin, wato saurinsa da ƙarfin da yake tura wuta da shi, har da wasu ɗabi'unsa da ba a rubuta a bayansa ba. Madadi nagari shi ne wanda ya gaji waɗannan halaye, ko da lambarsa ta bambanta.

Kafin a zo batun zaɓe, wajibi ne a tabbatar cewa aisin da ake zargi shi ne mai laifin. Yawancin aisin wancan zamani an yi su ne su yi aiki tsakanin bolt 4.75 da 5.25, kuma a kan ƙafafun aisin ake auna wannan, can ƙarshen allo, saboda tsohuwar waya da mahaɗar da ta yi tsatsa suna cinye wani abu a hanya. Bayan wuta sai soket. Allunan Namco irin su Galaga sun yi suna wajen aisinsu na musamman da ƙafafunsu ke yin baƙi har su riƙa karyewa, da kuma soket ɗin da suka saki, ta yadda goge ƙafa da sauya soket kaɗai yakan tayar da allon da aka yanke wa ƙauna. Aisin da ke ɗauke da shirin wasa kuwa ba ya buƙatar zato ko kaɗan. Ana cire shi a karanta shi da na'ura, a gwada abin da ke ciki da lambobin tantancewa da ke cikin MAME, manhajar kwaikwayon injinan wasa da Nicola Salmoria ya fara a 1997. Idan sun dace, a mayar da shi wurinsa a nemi laifi a wani wajen.

Idan zargi ya tabbata, sai a karanta rubutun da ke bayansa a tsanake. A ɗauki SN74LS161AN a matsayin misali. Haruffa biyun farko na kamfani ne: SN na Texas Instruments, DM na National Semiconductor, HD na Hitachi, MB na Fujitsu. Lambar 74 ita ce sunan dangin TTL, wato aisin lissafi da aka gina da tiransista, na amfanin yau da kullum, LS shi ne reshen dangin, 161 ita ce aikin da yake yi, wato ƙirge daga 0 zuwa 15, A tana nuna gyararren bugu, N kuma tana nufin jikin roba mai ƙafafu masu shiga rami. Wannan harafi na ƙarshe mutane na raina shi har sai saƙo ya iso sun tarar da mai harafin D, ɗan mitsitsi da ake liƙawa a saman allon zamani, wanda ba ya shiga ramukan tsohon allo. Sunan kamfani bai cika zama matsala ba, ko da yake masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa aisin Fujitsu masu lambar MB74LS sun fi saura yawan mutuwa, har wasu kan fara bincike daga kansu.

Akwai kuma layi na biyu mai lamba huɗu, wanda ke nuna shekara da makon da aka ƙera shi, kamar 8032, wato mako na 32 na 1980. A nan akwai tarko ga mai gyaran allunan farko, irin na zamanin Pong na 1972 da Tank na 1974, waɗanda ba su da ƙwaƙwalwa (CPU) ko ɗaya, kusan duk TTL ne. Aisin da aka ƙera a mako na 32 na 1974 yana ɗauke da 7432 a bayansa, alhali akwai aisi na gaske mai suna 7432. Wanda bai lura ba sai ya sayo abin da ba shi da alaƙa da gurbin. A waɗannan allunan ne kuma ake cin karo da lambobin Fairchild irin su 9316, wanda 74161 ke maye gurbinsa duk da cewa lambobin ba su yi kama ba.

Haruffan tsakiya su ne suka fi jefa mutane cikin kuskure. 7404 da 74LS04 da 74S04 da 74F04 da 74HC04 da 74HCT04 duk aiki ɗaya suke yi a takarda, wato juya ɗaya ya koma sifili, sifili ya koma ɗaya, kuma jerin ƙafafunsu iri ɗaya ne, amma kama da wane ba ta wane. Na asali, wanda ba shi da harafi a tsakiya, yana ɗaukar kimanin nanosakan 10 kafin ya ba da amsa, kuma ƙafar fitarsa tana iya janye miliamfiya 16. LS saurinsa kusan ɗaya da na asali, wutar da yake ci kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ce ta wancan, sai dai miliamfiya 8 kawai yake iya janyewa. S yana amsawa cikin kusan nanosakan 3, yana janye miliamfiya 20, yana kuma ɗaukar zafi sosai. Amfanin waɗannan alƙaluma yana fitowa ne idan aka duba abin da ke gaban aisin. Ƙafar shiga ta 74 na asali tana ɗora wa mai tura ta nauyin miliamfiya 1.6, ta LS kuwa 0.4 kacal. Ke nan LS guda zai iya ɗaukar 'yan'uwansa LS 20, amma na asali 5 kawai zai iya. A allon da ke cike da 74 na asali, idan aka sa LS a gurbin da ke tura ƙafafu 8, sifilinsa ba zai sauka ƙasa yadda ya kamata ba, kuma matsalar za ta riƙa zuwa tana tafiya, yau wasa lafiya, gobe hoto na rawa. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai an buɗe zanen allon an ƙirga ƙafafun da ke rataye a kan layin.

Duk inda injiniya ya sa S, da dalili ya sa shi, tunda ya fi tsada kuma ya fi cin wuta. Galibi a sashen agogo da na hoto ake ganinsa. A Pac-Man, kiristal yana bugawa megahaz 18.432, ana raba shi uku a sami 6.144 na ɗigogin hoto, a raba shi shida a sami 3.072 na ƙwaƙwalwa. Bugu ɗaya na wannan kiristal kusan nanosakan 54 ne kacal, don haka idan saƙo zai ratsa aisi uku ko huɗu a jere, bambancin nanosakan 3 da 10 ya zama babban abu. Inda S ya mutu, F ne ya fi dacewa ya gaje shi, LS kuwa yakan makara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne akasin haka ma yana da illa. Aisi mai sauri yana sauya wutarsa da kaifi, kuma a kan dogayen layukan tagullar tsohon allo wannan kaifi yana haifar da amsa-kuwwa. Sannan yana ganin 'yan ƙananan tsalle-tsallen wuta da LS ba ya ko lura da su saboda nawarsa, sai mai ƙirge ya ƙirga bugun da babu shi. Wasu injiniyoyin ma da gangan suka jera ƙofofi biyu, wato ƙananan sassan aisi da saƙo ke ratsawa, don su jinkirta saƙo. A ganina, sa F ko wani reshe mai sauri irin AC a gurbin LS da sunan inganta allo neman gira ne da zai iya jawo asarar ido.

Dangin CMOS, wata fasahar ƙera aisi daban da TTL, wato HC da HCT, su ne suka fi samuwa sababbi a yau, kuma harafin T ɗin nan shi ne ya raba su. TTL yana ɗaukar duk abin da ya kai bolt 2 a matsayin ɗaya, abin da bai wuce 0.8 ba a matsayin sifili. LS kuwa bolt 2.7 kawai ya yi alkawarin fitarwa idan yana nufin ɗaya, ko da yake yakan kai 3.4. HC yana buƙatar kusan 3.5 kafin takardarsa ta amince cewa ɗaya ne. Sau da yawa yakan yi aiki a kan teburin gwaji, amma aiki ne na sa'a. HCT an yi shi ne musamman ya fahimci matakan TTL, don haka shi ne ya cancanci a duba. Duk da haka yana da nasa sharuɗɗan. Ƙofofinsa na yau da kullum miliamfiya 4 suke janyewa, rabin na LS. Kuma ƙafar shiga ta TTL idan aka bar ta ba a haɗa ta da komai ba, da kanta take zama ɗaya, abin da masu zanen wancan zamani suka riƙa dogaro da shi suna barin ƙafafu a sake. Ƙafar CMOS da aka bari haka ba ta da matsaya, ko hannu aka kusantar sai ta sauya. Wanda zai sa HCT sai ya bi ƙafafun shiga ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure duk wadda ke lilo.

Wurare biyu ne ba na ganin ya kamata a sauya reshe ko kaɗan in akwai yadda za a yi. Na farko shi ne aisin da ke kaɗa kiristal, domin a can ana amfani da shi ne a matsayin mai ƙara ƙarfin motsi, kuma rezista da kafasitan da ke kewaye da shi an zaɓe su ne don reshensa. Wani reshen zai iya ƙin tashi, ko ya tashi a bugun da ba shi ake so ba. Na biyu shi ne 74123, mai fitar da bugu na ƙayyadadden tsawo. Da rezista da kafasita iri ɗaya, 74LS123 yana fitar da bugun da ya fi na 74123 tsawo sosai, saboda lissafinsu ya bambanta. Haka nan 7473 da 74107 na asali suna sauraron ƙafafun shigarsu duk tsawon lokacin da agogo ke sama, yayin da na LS masu harafin A suke dubawa kawai a daidai lokacin da bugun ke sauka.

Sai maƙwabtan lamba, waɗanda ke shiga rami ɗaya amma aikinsu ya sha bamban. 74161 da 74163 ƙafafunsu iri ɗaya ne, sai dai na farko yana komawa sifili nan take idan aka umarce shi, na biyu kuma sai ya jira bugun agogo na gaba, bambancin da ya isa ya goce hoto ko ya lalata daidaiton layukansa. 74157 yana zaɓen saƙo ya wuce da shi yadda yake, 74158 yana juya shi, 74257 kuma yana iya janye kansa daga layi ya bar wa wasu. 7405 da 7406 suna kama da 7404, amma mafitarsu a buɗe take, sai da rezista mai jan ta sama, kuma idan aka sa 7404 a gurbinsu a layin da aisi da yawa ke tarayya a kai, za su riƙa kokawa har wani ya ƙone. 7483 da 74283 lissafin tarawa ɗaya suke yi, amma na farko wutarsa na shiga ta ƙafa ta 5 da ta 12, na biyu ta 16 da ta 8.

Ma'ajiyar wucin gadi, wato RAM, tana cikin abubuwan da suka fi mutuwa saboda zafi. Pac-Man yana da 2114 guda 6, kuma nan sauƙi ne, domin 9114 na AMD da TMM314 na Toshiba duk abu ɗaya ne da suna daban. Ƙa'idar sauri a nan ita ce madadi ya yi daidai da na asali ko ya fi shi, amma lambar da ke bayan ɗan layi tana da ruɗi. A TMS4116-20, 20 na nufin nanosakan 200. A MK4116-3 na Mostek, 3 ita ma nanosakan 200 take nufi, -2 kuma 150. A 2114-3 na Intel, 3 ɗin nanosakan 300 ce. Babu mafita sai takardar bayanan kamfanin da ya yi shi. A duba faɗin jiki kuma, domin 6116 da danginsa suna zuwa a mai faɗi da siriri. Sannan allunan kamfanin Williams suna da wata ƙaramar ma'ajiya ta CMOS, 5101 a Defender, 5114 a Joust da Robotron, wadda batir ke riƙe wa maki da saiti idan an kashe wuta. 2114 zai shiga gurbin 5114 ya yi aiki, amma zai shanye batiran cikin ɗan lokaci.

Labarin 4116 ya fi haka tsawo. Allunan Williams suna da 24, a jeri uku na takwas-takwas, kuma kowanne yana cin wuta iri uku: bolt 5, bolt 12 da bolt -5. Takardarsa ta ce -5 ce za ta fara shiga kuma ita ce ta ƙarshen fita, don haka idan ta ɗauke alhali 12 tana nan, ana iya rasa da yawa a lokaci guda. Wanda ya sauya su bai gyara wutar ba zai sake sayen wasu. Joust da Robotron suna nuna lambar jeri da ta aisin da ya gaza a kan wata 'yar fitila mai nuna lamba, amma idan ta nuna 1, 3, 1, wato matsalar RAM a jeri na 3, aisi na 1, ƙwararru ba sa gaggawar cire komai, domin wannan shi ne aisin farko da ake gwadawa, kuma duk matsalar da ta shafi jerin gaba ɗaya, kamar rashin wuta ko lalacewar aisin da ke rarraba adireshi, a kansa take fara bayyana. Mutane da yawa sun koma amfani da 4164, mai cin bolt 5 kaɗai kuma mai ƙarancin zafi. Yana da ƙafafu 16 kamar 4116, yana shiga soket ɗin daram, kuma a nan haɗarin yake. Ƙafa ta 8, wadda ke kawo bolt 12 ga 4116, ita ce ƙafar bolt 5 ta 4164. Idan aka cusa shi ba tare da an sauya hanyar wutar ba, ya ƙone. Gyaran shi ne a raba ƙafa ta 1 da -5, a kawo 5 a ƙafa ta 8, ƙafa ta 9 kuma, wadda ta zama ƙarin layin adireshi, a bar ta ɗaure da bolt 5 ɗin da ke wurin tun asali. Ana yin wannan da adafta a bakin mahaɗar wuta ko da lanƙwasa ƙafafun aisin, kuma na fi son hanyar da ba a yanka tagullar allo.

EPROM, aisin nan mai 'yar tagar gilashi da ake goge shi da hasken ultrabayolet, shi ke ɗauke da shirin wasa da zane-zanensa, kuma tarihinsa cike yake da sunayen da suka yi karo. 2716 na Intel bolt 5 kaɗai yake ci, amma TMS2716 na Texas Instruments wuta uku yake so, kuma wanda ya yi daidai da na Intel a wurinsu shi ne TMS2516. 2532 da 2732 girmansu ɗaya, ƙafafu 24 kowanne, amma layin adireshi na ƙarshe yana ƙafa ta 18 a 2532, yana ta 21 a 2732. Allon Pac-Man na Midway an zana shi ne don 2532, saboda haka 2732 ba zai yi ba sai da adafta. Wannan rikici ya sake dawowa a allunan Sega da Capcom na ƙarshen shekarun 1980, inda 27C1000 da 27C301 suka musanya ƙafa ta 2 da ta 24 idan aka kwatanta su da 27C010. Wajen rubutu ma akwai bambanci: 2732 bolt 25 yake so, 2732A bolt 21, 2764A kuma 12.5. Idan aka zaɓi sunan da ba shi ba a na'urar rubutu, ko dai rubutun ya ƙi kamawa ko aisin ya mutu nan take, kuma da yawa daga cikin ƙananan na'urorin rubutu na zamani ba sa kai bolt 25. Inda ƙaramin ya yi wuyar samu, ana iya sa babba mai ƙafafu daidai, kamar 27128 a gurbin 2764, a rubuta shirin sau biyu a jere, a kuma ɗaure ƙarin ƙafar adireshin, wato ta 26, kada a bar ta tana lilo.

Ƙananan PROM, aisin ajiyar bayanai masu fis a ciki, sau ɗaya ake rubuta su har abada. A Pac-Man, 82S123 ne ke riƙe da launuka, 82S126 kuma suna riƙe da jadawalin launi da siffar sauti. Suna da sauri, kusan nanosakan 50, shi ya sa tsohon EPROM mai nanosakan 450 ba zai zauna a wurinsu ba. 82S123 na Signetics daidai yake da 74S288, 82S129 daidai da 74S287, 82S126 kuma daidai da 74S387, amma wajen karatu kawai. Kowane kamfani da irin yadda ake ƙona fis ɗinsa, don haka na'urar da ta san na Signetics ba lallai ta iya na wani ba. 82S126 da 82S129 kuma bambancinsu irin na 7405 da 7404 ne ta fuskar mafita, na farko a buɗe take. PAL, wanda ake tsara masa aikin ƙofofi, GAL16V8 ko ATF16V8 na iya gadonsa, muddin akwai kwafin tsarin. Da yawa an kulle su tun daga masana'anta don kada a kwafa.

Ƙwaƙwalwar allo ba ta cika mutuwa ba, amma in ta mutu harafi ɗaya na iya raba gardama. Z80 na farko megahaz 2.5 ne iyakarsa, Z80A kuma 4, don haka Pac-Man mai 3.072 sai Z80A ko wanda ya fi shi, ko na Zilog ne, ko LH0080A na Sharp, ko D780C-1 na NEC. A 2024 Zilog ya sanar da daina ƙera Z80 mai zaman kansa, abin da ya rufe ƙofar samun sabo daga tushe. Asteroids da Centipede na Atari suna gudu a megahaz 1.512, sai 6502A. Sabon W65C02S da ake ƙerawa har yanzu ba ya shiga kai tsaye, domin ƙafarsa ta 1 mafita ce alhali a tsohon ƙasa ce, ta 36 kuma sai an ɗaure ta sama. 6809 da 6809E na Motorola ba sa musanya, na farko yana kaɗa agogonsa da kansa, na biyu daga waje ake ba shi, kuma shi allunan Joust da Robotron suke amfani da shi. Konami kuwa ya sa wa Track & Field wata ƙwaƙwalwa mai tushen 6809 da ke karanta shiri a ɓoye, wadda 6809 na kasuwa ba zai fahimci abin da ke cikin aisin shirinta ba.

A aisin sauti ne jabu ya fi yawa. AY-3-8910 na General Instrument, wanda Gyruss ke da guda 5, yana da ɗan'uwa na Yamaha, YM2149, da yakan yi aiki a gurbinsa duk da ɗan bambancin amo. Masu sayar da kaya a intanet sukan kankare bayan tsohon aisi, su shafa baƙin fenti, su buga lambar da ake nema. Auduga da ɗan ruwan goge farce takan fallasa su, domin fentin yana fitowa a jikinta. Sauran alamun su ne lambar shekara da ta zo bayan an daina ƙera aisin, da guda goma masu rubutu iri ɗaya a sama amma ƙasansu daban-daban, da ƙafafun da aka sake tsoma su a dalma suna ƙyalli. Araha ba ta ado. Tsohon aisin da aka ciro daga wani allo aka gwada, mai sayarwa kuma ya faɗi gaskiyar cewa tsoho ne, ya fi mini wanda ake kira sabo fil ba a san asalinsa ba.

Aisin da kamfanin wasa ya ƙera wa kansa ba shi da madadi a kasuwa, sai dai a ciro daga wani mataccen allo ko a sa kwaikwayo na zamani. POKEY na Atari, mai sautin Centipede da Missile Command da Tempest, ya yi tsadar da har mutane suka riƙa farke kaset ɗin Ballblazer na Atari 7800 don su cire wanda ke ciki. Kwaikwayo ba sabon abu ba ne, domin Midway da kansa ya maye gurbin aisin Namco guda biyu a Pac-Man da ƙananan alluna na TTL. Na yau ana yin su da aisin da ake tsarawa, waɗanda da yawansu bolt 3.3 suke ci, don haka sai an tabbatar suna jure bolt 5 a ƙafafunsu. Wasu allunan kuma batir ne ke riƙe da mabuɗin sirrinsu, kamar CPS-2 na Capcom da ya fito a 1993 da ƙwaƙwalwar FD1094 ta Sega. Idan batir ya ƙare, allo ya mutu alhali duk aisinsa lafiya suke. Shekaru da yawa maganin CPS-2 shi ne sauya EPROM da shirin da aka warware, har zuwa 2016 da Eduardo Cruz da abokan aikinsa suka fitar da hanyar mayar da mabuɗin cikin aisin asali.

Wajen sakawa, tagullar allo ta fi aisin TTL daraja nesa ba kusa ba, domin shi ana sayensa, ita kuwa in ta ɗago sai ɗinki da waya. Idan aisin mai arha ne, a datse ƙafafunsa a jikinsa, a zare su ɗaya-ɗaya, a tsotse dalmar, sannan a sa soket mai kama ƙafa ta gefe biyu, a kula da ɗan tsagin da ke nuna ƙafa ta 1. Duk sauyin da ya saɓa wa zanen asali kuma a rubuta shi a 'yar takarda a manna a jikin allon. Mai gyara na gaba da zane zai zo, zanen zai ce masa 4116 ne a wannan soket ko 2532 a wancan, kuma in babu abin da ya gaya masa an sauya hanyar wuta ko an musanya ƙafafu, abin da zane ya faɗa zai saya ya cusa.